Gobara a gidan maƙwabci: Najeriya da maƙwabtanta a yaƙin Biyafara (1967-1970)

Ranar 30 ga watan Mayu 1967, Laftanar-kanar Odumegwu Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabashin Najeriya, ya yi shelar ɓallewar yankin daga Tarayya, ya raɗa masa suna Jamhuriyar Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara musayar wuta, ba a kuwa ajiye makamai ba sai a tsakiyar watan Janairu 1970. Cikin waɗannan watanni 30 rayukan da suka salwanta, a ƙiyasin masana, sun kama daga dubu 500 zuwa miliyan 2 ko fiye, akasarinsu farar hula ne da yunwa ta kashe.

Masu ba da labarin wannan yaƙi sun fi tsayawa a kan manyan ƙasashen duniya: Ingila da ta sayar wa gwamnatin Legas makamai, Tarayyar Sobiyet da ta ba ta jiragen yaƙi samfurin MiG, da Faransa wadda ta tallafa wa Biyafara ta bayan fage. Ba a cika tuna ƙasashe huɗu da suka yi iyaka da Najeriya ba, wato Nijar, Cadi, Kamaru da Dahome, wadda ta zama Benin a 1975. Dukansu ƙanana ne idan aka gwada su da ita, dukansu Faransa ta rene su, kuma babu wadda ta kai shekara goma da samun mulkin kai. Amma abin da suka yi, da abin da suka ƙi yi, ya yi nauyi a ma'aunin yaƙin. Ƙasa mai ƙarfi, idan wuta ta tashi a cikin gidanta, tana buƙatar maƙwabcin da zai tsare mata ƙofar baya. Shi kuwa maƙwabcin, ba shi da damar naɗe hannu kamar na nesa, domin hanyarsa, da kasuwarsa, da danginsa duk suna cikin gidan da ke ci.

Iyaka da hanyar teku

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1.500. Turawan Faransa da na Ingila ne suka tsara ta a kan takarda a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, sannan aka kafa alamunta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Ta ratsa ƙasar Gobir da ta Katsina, ta raba Daura da Damagaram, ta bar Barebari a hagu da dama. Daga Maradi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, alhali zuwa Yamai ya haura 600. Damagaram kuwa tazarar da ke tsakaninta da Kano wajen kilomita 240 ce, tsakaninta da Yamai kusan 900.

Wannan kusanci ya tabbata a harkar gyaɗa, wadda ita ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje a shekarun 1960. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Tun daga lokacin, gyaɗar Maradi da ta Magarya da Matamai da Damagaram, hanyarta mafi sauƙi zuwa teku ita ce ta Kano da Legas. Faransawa sun so su rage wannan dogaro, shi ya sa a shekarun 1950 suka ƙirƙiro shirin da suka kira « Opération Hirondelle »: motoci su ɗauki gyaɗa zuwa Gaya, a tsallaka kogin Isa zuwa Malanbil, a kai Paraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita Kwatano. Hanyar ta yi aiki, amma sai da tallafin gwamnati, saboda tsawonta da tsadarta. Kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962 don ya riƙe cinikin gyaɗa, ya gaji hanyoyin biyu, kuma ya san wadda ta fi araha ga gabashin ƙasa.

Ban da gyaɗa, shanu da tumaki da wake suna gangarawa kudu, goro da atamfa da kayan masarufi suna haurowa arewa. Ɗalibai suna zuwa Kano da Zariya neman ilimin addini, ƴan cin rani suna bin sawunsu. Ƙidayar 1963, duk da gardamar da aka yi a kanta, ta ba Najeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, Nijar kuwa wajen miliyan 4 take da su. Duk abin da ya girgiza babbar, dole ƙaramar ta ji shi a jikinta.

Paris da Abijan sun ja gefe guda

Janar de Gaulle ba shi da wata ƙauna ga Tarayyar Najeriya. A watan Janairu 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa don nuna fushi a kan gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ta yi a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, kuma an ɗauki shekaru kafin a maido da hulɗa. Bayan haka, a idon Paris, ƙasa guda mai magana da Ingilishi wadda yawan jama'arta ya zarce na dukan ƙasashen renon Faransa na Afirka ta Yamma a haɗe, barazana ce ga tasirin Faransa. Ga kuma man fetur: mafi yawan rijiyoyin Najeriya suna yankin Gabas, kamfanin Shell-BP ne ke da kaso mafi tsoka, kamfanin Faransa SAFRAP kuwa yana da nasa ɗan rabo.

A Afirka, Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa ne ya fi kowa ɗaukar maganar Biyafara da zafi. Shi ne tun 1958 ya yi adawa da babbar tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, kuma bai yarda manyan tarayyoyi suna ɗorewa ba. A 1968 ƙasashen Afirka huɗu suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa: Tanzaniya a watan Afrilu, sai Gabon, Kodebuwa da Zambiya a watan Mayu. Haiti ta bi su a 1969. Ranar 31 ga Yuli 1968 majalisar ministocin Faransa ta fito fili ta ce a warware rikicin bisa ƴancin al'umma na zaɓa wa kanta makoma. Faransa ba ta taɓa amincewa da Biyafara a hukumance ba, amma daga wannan lokaci makamai suka riƙa isa can da dare ta Librebil da Abijan, ƙarƙashin kulawar ofishin Jacques Foccart, mai ba de Gaulle shawara kan al'amuran Afirka.

Abin lura shi ne, cikin ƙasashen nan biyar da suka amince da Biyafara, babu ko ɗaya da ta yi iyaka da Najeriya. Dukansu daga nesa suke hangen wutar.

Zaɓin Diori Hamani

Babu shugaban da wannan lamari ya matse kamar Diori Hamani. Jam'iyyarsa ta PPN reshe ce ta RDA, wadda Houphouët-Boigny ke jagoranta. Nijar memba ce ta Ƙungiyar Antanti tun kafa ta a 1959, kuma Abijan ce uwar ɗakin wannan ƙungiya. Faransa ce ke cike giɓin kasafin kuɗin ƙasar, sojojinta suna Yamai, kuma a 1968 ne aka kafa kamfanin SOMAIR don haƙar uraniyom na Arlit. Diori da kansa yana shugabancin ƙungiyar OCAM ta ƙasashen renon Faransa, yana kuma fafutukar kafa ƙungiyar masu magana da Faransanci, wadda a Yamai aka yi taronta na farko a watan Fabrairu 1969, a Yamai kuma aka haife ta ranar 20 ga Maris 1970. Idan da biyayya ga uban gida ce kaɗai ke yanke hukunci, da Nijar ta bi sahun Gabon da Kodebuwa.

Diori ya tsaya a kan haɗin kan Najeriya tun daga farko har ƙarshe. Dalilansa ba ɓoyayyu ba ne. Na farko shi ne hanyar teku da aka ambata: gwamnatin Legas ce ke riƙe da layin dogo na Kano da tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma faɗa da ita daidai yake da shaƙe manomin gyaɗa na Maradi da Damagaram.

Na biyu, jama'a. Fiye da rabin ƴan Nijar Hausawa ne, kuma kunnensu yana Kaduna da Kano kamar yadda yake Yamai. Kisan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da na Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya taɓa zukata a arewacin iyaka kamar yadda ya taɓa su a kudancinta. Diori Bazabarme ne, amma ya koyar a Maradi, ya kuma koyar da Hausa a Paris kafin ya shiga siyasa. Ya san cewa gwamnatin da ake yi wa kallon ta mutanen yamma ce, idan ta goyi bayan abokan gabar Arewacin Najeriya, to ta ba gabashin ƙasarta dalilin juya mata baya.

Na uku, tsaro. A ƙarshen 1964 mayaƙan Sawaba na Djibo Bakary sun kutso ƙasar ta kan iyakokin kudu da yamma, a watan Afrilu 1965 kuma aka jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla. Sawaba tana da abokai cikin jam'iyyar NEPU ta Kano, gwamnatin Sardauna kuwa ta fi karkata ga Diori. Wanda ya ga haka ya san amfanin maƙwabcin da ba ya ba abokin gabarka masauki, ya kuma san cewa irin wannan alheri bashi ne.

Na huɗu, ƙa'ida. A taron Alƙahira na 1964 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OUA) ta yanke cewa za a mutunta iyakokin da aka gada daga Turawa. Ga ƙasa mai faɗin Nijar, mai Hausawa da Zabarmawa da Abzinawa da Fulani da Barebari da Tubawa, wannan ƙa'ida garkuwa ce. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wannan matsayi ya sanyaya zumuncin Diori da Houphouët-Boigny, ya kuma ɓata masa suna a wasu ofisoshin Paris. Bai fita daga Antanti ba, bai yanke hulɗa da Faransa ba, ya dai ƙi bin su a wannan batu guda, wanda shi ne ya fi shafar rayuwar ƙasarsa.

Taron Yamai na Yuli 1968

A taron ƙolin OUA na Kinshasa, cikin watan Satumba 1967, an kafa kwamitin tuntuɓa na shugabanni shida kan rikicin Najeriya: Sarki Haile Selassie na Habasha a matsayin shugaba, da Mobutu na Kwango, Tubman na Laberiya, Janar Ankrah na Gana, Ahmadu Ahidjo na Kamaru, da Diori Hamani. Biyu daga cikin shidan maƙwabtan Najeriya ne na kai tsaye. Huɗu daga cikinsu, har da Diori da Ahidjo, sun je Legas a watan Nuwamba 1967, inda suka jaddada wa Janar Yakubu Gowon goyon bayansu ga ƙasa guda.

Bayan tattaunawar Kampala ta watse a watan Mayu 1968, kwamitin ya zauna a Yamai a tsakiyar watan Yuli. A lokacin Fatakwal ta faɗa hannun sojojin Tarayya, Biyafara ta rasa teku, kuma hotunan yara masu kumburin ciki sun fara cika jaridun Turai. Gowon ya zo Yamai ya yi wa kwamitin jawabi. Bayan tafiyarsa, aka gayyaci Ojukwu, shi ma ya zo. Wannan ne karo na farko da kwamitin ya saurari ɓangaren Biyafara baki da baki, domin a da yana ganin ganawa da shi kamar amincewa ce da ɓallewa. Daga nan wakilan ɓangarorin biyu suka shafe kwanaki suna tattaunawar share fage ƙarƙashin jagorancin Diori.

Maganar da ta fi cin lokaci ita ce ta hanyar kai agaji. Legas ta nace a bi ta ƙasa, ta yankin da take iko da shi, don ta tabbatar ba a cusa makamai cikin buhunan abinci ba. Biyafara ta nace a bi ta sama ko ta ruwa, don tana tsoron hanyar ƙasa ta zama hanyar tankokin yaƙi. Abin da aka iya cimma a Yamai shi ne jerin batutuwan da za a tattauna a Adis Ababa. An buɗe wancan taro ranar 5 ga Agusta, aka shafe makonni, aka tashi ba sulhu. Zaman Monrobiya na Afrilu 1969 shi ma haka ya ƙare.

Taron Yamai ya nuna iyakar abin da ƙaramin maƙwabci ke iyawa. Diori ya samu amincewar Legas saboda matsayinsa, ya kuma samu kunnen Biyafara saboda kusancinsa da Abijan da Paris, shi ya sa ya iya tara su a gari guda. Amma ba shi da abin da zai tilasta wa kowa da shi. Kuma kwamitin da ya riga ya ce Najeriya ɗaya ce, da wuya ɗayan ɓangaren ya ɗauke shi alƙali.

Kamaru, Cadi da Dahome

Cikin maƙwabta huɗun, Kamaru ce kaɗai ta yi iyaka da Biyafara. Da Ahidjo ya buɗe wannan iyaka, da makamai da man fetur da abinci sun shiga ta ƙasa, da kuma yaƙin ya ɗauki wani salo. Ya rufe ta, ya hana a yi amfani da ƙasarsa wajen kai wa Biyafara makamai, duk da kusancinsa da Paris. Shi ma yana da dalilansa na gida. Bafulatani ne daga Garwa, mai alaƙa da Adamawa da Arewacin Najeriya. Yammacin Kamaru mai magana da Ingilishi bai shigo tarayyarsa ba sai a 1961, kuma tawayen UPC bai mutu ba tukuna. Sojojin Tarayya sun kama Kalaba a watan Oktoba 1967, suka bi iyakar suna toshewa, har Biyafara ta zama tsibiri a tsakiyar ƙasa.

Cadi ta François Tombalbaye ta ji yaƙin ta fuskar sufuri. Layin dogo ya isa Maiduguri a 1964, kuma kayan Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu, da dama ta tashoshin ruwan Najeriya suke shigowa. Da aka datse reshen Fatakwal, kaya suka taru a kan layin Legas, wanda sojoji ma suke buƙata. Tombalbaye yana fama da tawaye a arewa da gabashin ƙasarsa tun 1965, saboda haka ba shi da sha'awar ganin ɓallewa ta yi nasara a maƙwabta.

Dahome ce ta ɗauki hanya dabam. Da Biyafara ta rasa teku, numfashinta ya koma kan filin jirgin Uli, wanda asalinsa wani yanki ne na titin mota da aka faɗaɗa. Jiragen ƙungiyoyin coci-coci suna tashi daga tsibirin Sao Tome, da ke hannun Fotugal, na ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge kuwa daga tsibirin Fernando Po. A watan Janairu 1969 sabuwar gwamnatin Gini Ikwatoriya ta dakatar da jiragen Croix-Rouge. Shugaba Emile Derlin Zinsou, wanda likita ne, ya ba su izinin tashi daga Kwatano. A wurinsa aikin jinƙai ne. A wurin Legas kuwa, jiragen agaji da na makamai a dare ɗaya suke sauka a Uli, kuma duk wanda ya buɗe wa na farko hanya ya yi wa na biyu rumfa. Dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami. Ranar 5 ga Yuni 1969 jirgin yaƙin Najeriya ya harbo wani jirgin Croix-Rouge, ƙungiyar ta dakatar da jigilarta. A watan Disamba na shekarar sojoji suka tuɓe Zinsou, bisa dalilan siyasar cikin gida.

A nan ne tarihin ya fi nauyi a zuciya. Iyakar da Ahidjo ya rufe ta taimaka wajen hana Najeriya wargajewa, ta kuma zama ɓangare na ƙawanyar da yunwa ta kashe dubun dubatar yara a cikinta. Ƙofar da Zinsou ya buɗe ta ceci rayuka, amma akwai masana da ke ganin jigilar agaji ta tsawaita yaƙin da ya riga ya karkata. Malamin da ke koyar da wannan babi bai kamata ya ɓoye wa ɗalibansa ɗaya daga cikin fuskokin biyu ba.

Kasuwa ba ta jira sulhu ba

Yayin da shugabanni ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Adis Ababa, yaƙin yana sake fasalin ciniki a kan iyaka. Cif Obafemi Awolowo, kwamishinan kuɗi na Tarayya, ya ɗauki aniyar gudanar da yaƙin ba tare da cin bashin waje ba. Ya tsuke shigo da kaya, ya ɗaure musayar kuɗi. Da Ingila ta karya darajar fam ɗinta a watan Nuwamba 1967, Najeriya ta ƙi bin ta. A watan Janairu 1968 kuma aka canza takardun kuɗin Najeriya cikin ƴan kwanaki, don a mayar da waɗanda ke hannun Biyafara takardun banza. Wannan dabara ta yi wa Biyafara mummunar illa, amma ba ita kaɗai ta shafa ba: fatake da dillalan shanu na ƙasashen maƙwabta, waɗanda suka saba ajiye fam da sule a gida, su ma sai da suka yi rige-rigen canza abin da ke hannunsu kafin wa'adi ya cika.

Daga wannan lokaci fam ɗin Najeriya ya zama kuɗin da ba a fita da shi waje ta banki sai da izini, alhali tamma ta sefa tana da Faransa a bayanta, ana canza ta ko'ina. Sai farashi ya zama biyu, na gwamnati da na ƴan canji. Ɗan kasuwar Kano da ke son kayan da aka hana shigowa da su, ko yake son kuɗin waje, ya ga cewa mafita tana arewa da shi. Kaya suna sauka a Kwatano da sunan Nijar, su bi ta Gaya zuwa Birnin Ƙonni ko Maradi, a biya duwan, sannan su tsallaka kudu ta hanyoyin da kwastan ba ya tsaye. Taba sigari da yadi ne kan gaba. Wannan ciniki, da aka sani da « transit », ya bunƙasa sosai a shekarun 1970 da kuɗin fetur suka cika Najeriya, kuma shi ne ya ɗaga alhazan Maradi daga dillalan gyaɗa zuwa manyan attajirai, kamar yadda masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 a kansu.

Abin ya zo daidai da lokacin da gyaɗa ta fara ja da baya, domin farin da ya soma a 1968 bai saki Sahel ba sai a 1974. Maradi ta sauya sana'a ba tare da ta sauya alƙibla ba: a da tana tura amfanin gona kudu, yanzu tana tura kayan Turai da Asiya. Baitulmalin Nijar ya samu kuɗin duwan, masana'antun Najeriya kuwa suka samu kishiya. Ƙasar da ta tsare wa Najeriya ƙofar baya a siyasa, ita ce kuma ta zama tagar da dokokin kasuwancinta ke zurarewa ta ciki.

Sakayya bayan yaƙi

Ojukwu ya tafi gudun hijira Kodebuwa a watan Janairu 1970, ya zauna can har 1982. Gowon ya yi shelar cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kuma sasanta da ƙasashen Afirka huɗun da suka amince da Biyafara a taron OUA na Satumba 1970. Darasin da Legas ta ɗauka shi ne, tsaronta yana farawa daga gidajen maƙwabta, kuma muddin Paris ce kaɗai ke ciyar da su, wata rana za a iya juya su a kanta. Kuɗin fetur suka ba ta abin aiwatar da wannan darasi.

A watan Maris 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, mai mazauni a Yamai. A 1972 aka sa hannu kan yarjejeniyar ba Nijar lantarki daga madatsar ruwan Kainji, layin Birnin Kebbi zuwa Yamai ya fara aiki a 1976. Da Kamaru aka shiga shata iyakar ruwa, har Gowon da Ahidjo suka sa hannu kan sanarwar Marwa ranar 1 ga Yuni 1975. Wannan takarda tana cikin hujjojin da Kotun Duniya ta dogara da su a hukuncinta na 10 ga Oktoba 2002 a shari'ar Bakasi, yankin da Najeriya ta kammala miƙa wa Kamaru a 2008. Dahome ma ba a bar ta a baya ba: an yi kamfanonin haɗin gwiwa na siminti a Onigbolo da na sukari a Sabe. Ranar 28 ga Mayu 1975, a Legas, ƙasashe 15 suka kafa ƙungiyar CEDEAO, bisa ƙoƙarin Gowon da Eyadéma na Togo, ƙungiya ta farko da ta haɗa renon Faransa da renon Ingila na yankin a inuwa guda ta tattalin arziki.

Waɗanda suka ƙulla wannan zumunci ba su daɗe a kan mulki ba. Seyni Kountché ya tuɓe Diori ranar 15 ga Afrilu 1974, cikin tsananin fari da taƙaddama da Faransa kan farashin uraniyom. Gowon ya faɗi ranar 29 ga Yuli 1975. Igiyoyin da suka ɗaura sun rayu bayansu, kuma igiya tana da baki biyu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kowane karo kasuwannin Maradi da Ƙonni da Damagaram suka ji jiki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, layin lantarkin da aka shimfiɗa don tukuicin amana shi ne aka katse don takunkumi, a lokacin da wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, Nijar kuma ta fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025.

Shekarun 1967 zuwa 1970 su ne lokacin da babbar ƙasa ta fi buƙatar ƙananan maƙwabtanta, saboda haka su ne lokacin da maganarsu ta fi tsada. Diori da Ahidjo sun gane haka, suka auna abin da Paris ke so da abin da ƙasa da jama'a ke tilastawa, suka zaɓi na biyu. Sun samu riba, sun kuma bar wa magadansu dogaro mai wuyar kwancewa. Gwamnatoci sun sauya a Yamai da Legas da Abuja, ƙungiyoyi sun kafu sun rabu, amma Katsina tana nan inda take, ƙasa da kilomita 100 daga Maradi, kuma duk wanda zai tsara siyasar waje ta ɗaya daga cikin ƙasashen biyu, daga wannan tazara lissafinsa zai fara.